Hoton Wuyan 'Yata a Hannun Gwaggo

Har yau idan na ji yaron wani yana irin tarin nan mai kama da haushin kwikwiyo, Gwaggo ce take fara faɗo mini a rai, kuma ba da alheri take faɗowa ba. Gwaggon mijina ce, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Saboda haka ba ni da suruka sai ita, kuma ta riƙe muƙamin da hannu biyu. 'Yar Suleja ce gaba da baya, tana zaune a gidansu na gado a cikin gari, mai zaure da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ni kuwa daga Zariya aka kawo ni, kuma ban taɓa samun suna a bakinta ba sai "matar Abuja", don kawai ina sammako in bi motar ma'aikata zuwa ofis kamar yadda mijina yake yi.

Muna haya ne ta wajen hanyar Maje. Kowace safiya sai mu biya mu ajiye 'yarmu a wurinta, da yamma mu ɗauko. Sunan Gwaggo aka sa wa yarinyar, don haka takwara take kiran ta. A lissafinta sunan ya ba ta rabin yarinyar, raino ya ba ta ɗaya rabin, ni kuwa naƙuda kawai na yi musu.

Rigimarmu a kan belu ta girmi ciwon da zan ba da labarinsa. Ranar suna wanzamin gidansu ya zo daga Chaza da zabirarsa, ya yi wa jaririya aski, sannan ya zaro wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa zai cire mata belu, ɗan naman nan da yake reto a can ƙarshen baki. Ina ɗanyen jego na fito tsakar gida na karɓe 'yata a gaban matan unguwa, na ce ban yarda ba. Gwaggo ta ajiye abin a ranta. Daga nan duk abin da ya sami yarinyar, belu ne. Ta yi atishawa, belu ne. Ta ƙi cin tuwo, belu ne. Da a ce ta yi tuntuɓe ta faɗi ma, na tabbata belun za a ɗora wa laifi.

Tana da shekara biyu da ɗoriya, cikin damina, mura ta kama ta. Mura ce irin ta yara, majina da ɗan zazzaɓi, ban ma ɗauke ta komai ba. Sai muryarta ta dushe, tarin ya canza ya koma haushi. Wata safiya na ga abin da ya ɗaga mini hankali: duk lokacin da ta ja numfashi sai a ji ƙara kamar usur, ramin da ke ƙasan wuyanta yana lotsawa ciki. Mijina ya tsaya yana ɗaura agogo, ya ce in kai ta asibiti, shi yana da mitin. Amma kafin ya fita sai da ya sami lokacin buga wa Gwaggo waya. Ban gama sa wa yarinyar kaya ba na ji sallamarta, ta sauka daga keke-napep tana gyara mayafi.

Ko ɗakin ba ta shiga ba. Daga bakin ƙofa ta saurari tarin, ta gyaɗa kai irin na wanda maganarsa ta tabbata.

"Ya zubo ke nan," ta ce. "Belun ne ya zubo ya toshe mata wuya. Ba ni ita, yanzu in aika Chaza."

"Asibiti zan kai ta, Gwaggo."

"Asibiti ne ya san belu? Ki kai ta su yi ta tsira mata allura har ya shaƙe ta, sannan hankalinki ya kwanta."

Na goya 'yata na wuce ta gefenta na nufi asibiti.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar kudu, amma a nan ta girma, Hausarta tana fita sarai sai ɗan karin harshensu. Tun kafin in zauna ta ce ta ji tarin daga layi, ta san shi. Ta ce a asibiti kurup suke kiransa, ƙwayar cutar mura ce take sauka ta kumbura bututun iska a ƙasan inda murya take fita. Aka ba yarinyar maganin rage kumburi, aka ɗora mata abin shaƙa a hanci da baki, wani farin tururi yana fita daga inji. Ba a jima sosai ba ƙarar usur ɗin ta lafa. Sai likitar ta tambaye ni ko akwai abin da yarinyar ta haɗiya. Na ce ba zan iya rantsewa ba, don a gidan da take yini gyaɗa ba ta yankewa a hannun yara, ga marfin kwalba, ga duwatsun wuya da take wasa da su. Ta ce yawanci kunne ya isa a gane wannan ciwon ba sai an yi hoto ba, amma tunda haka ne a yi hoton eksire na wuya a tabbatar.

A ɗakin hoton aka sa mini wata riga mai nauyin tsiya, na riƙe yarinyar a zaune. Mai ɗaukar hoton yana ta ce mini, "Madam, hold am well, kada ta motsa." Ya ɗauki ɗaya ta gaba, ya juya ta ya ɗauki ɗaya ta gefe.

Likitar ta kafa na gaban a jikin fitilar bango ta kira ni kusa. Ta ce farin da nake gani ƙashi ne, baƙin kuwa iska ce. Ta bi wani baƙin layi da bayan biro, daga ƙirji yana hawa tsakiyar wuya. Ta ce wannan ita ce hanyar numfashi. A yaro mai lafiya tana hawa da faɗinta, sai can sama ta yi kamar kafaɗu biyu. A na 'yata kafaɗun sun ɓace, layin yana hawa yana tsukewa har ya zama tsini, kamar bakin fensir da aka feƙe. Ta ce a littattafansu da hasumiya ake kwatanta shi. Kumburin ne ya matse hanyar daga ko'ina, shi ya sa iska take kuka in za ta wuce. Ta ce ba kowane yaro mai wannan ciwon hotonsa yake nuna tsinin ba, amma na 'yata ya fito ƙarara.

Ta cire shi ta kafa na gefen. Ta ce a nan take duba ko marfin maƙogwaro ya kumbura ya zama kamar babban yatsa, don wancan ciwo ne daban kuma mai haɗari. Nata siriri ne, lafiya lau. Babu kwabo, babu marfin kwalba, babu alamar wani abu ya maƙale.

"Likita, belu fa?" na ce.

Ta dube ni ta saman gilashi, da alama ba ni ce ta farko da ta yi mata wannan tambayar ba. Ta ɗora bakin biro a can sama, bayan harshe, kan wata 'yar inuwa mai launin toka.

"Ga shi nan. Ƙarami ne, ba abin da ya yi. Ciwon yana nan ƙasa, shi yana can sama, ko gaisawa ba sa yi. Madam, ki ji ni da kyau. Kada kowa ya sa mata komai a maƙogwaro. Kada a bar ta ta yi ta kuka, kuka yana ƙara toshe hanyar. Da dare zai ɗan tsananta, amma cikin 'yan kwanaki zai wuce da kansa. In kika ga ƙirjinta yana lotsawa tana kwance, ko leɓenta ya canza launi, ki dawo da gudu."

Daga asibiti ban wuce gida ba, gidan Gwaggo na nufa da ambulan ɗin hotunan a hannu. Shekara biyu ina shan maganar belu, yau ga hujja na samu baƙi da fari. Na tarar da ita a gindin mangwaro da maƙwabtanta mata biyu suna tsinar shinkafa. Na gaishe su a taƙaice, na zaro hoton gaban na miƙa mata, na ce ga abin da likita ta gani.

Ta goge hannunta a zane, ta karɓa, ta ɗaga shi sama tana hango rana ta cikinsa. Amma a juye ta riƙe shi, ƙirji a sama, haɓa a ƙasa. Tsinin da yake hawa sai ya koma yana saukowa, baƙi, dogo, mai kauri daga sama yana sirancewa ƙasa. Ina tsaye ina kallon fuskarta tana washewa.

"La'ilaha illallahu! Ku zo ku gani. Ga shi nan ya zubo, har tsini ya yi. Wannan ai ya fi yatsana tsawo."

Matan suka taso suka leƙa ta kafaɗarta suna salati. Ɗaya ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin belu mai tsawon wannan ba. Ɗayar ta ce Allah ne kawai ya yi yarinyar tana da sauran kwana.

"Gwaggo, a juye kika riƙe shi," na ce. "Wannan baƙin iska ce, ba nama ba ne. Hanyar numfashi ce ta tsuke."

"Iska? Yau kuma iska ake ɗauka a hoto? To ɗauko mini hoton guguwa in gani."

Matan suka kwashe da dariya. Na kama gefen hoton na juya mata shi daidai, ta fizge ta mayar da shi yadda yake. Ta ce na juya ne don in ɓoye gaskiya, don kunya ta kama ni, injin Turawan da nake taƙama da shi ya goyi bayanta. Na zaro na gefen na ce ga belun nan ta gani da idonta, ɗan mitsitsi, lafiyarsa ƙalau. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce wancan ba ya nuna komai, shi wannan ne mai magana.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce mata wanda bai san sama da ƙasan hoto ba bai kamata ya yanke hukunci a kan wuyan ɗan mutum ba. Na ce duk wanda ya kusanci bakin 'yata da ƙarfe, ko waye shi, sai mun kwana a ofishin 'yan sanda. Gwaggo ta cusa hoton ƙarƙashin tabarmar da take zaune a kai, ta ce, "Na raini ubanta da belunsa a cire, ga shi nan yana ciyar da ke." Na juya na fita da hoton gefen kawai a hannuna, na bar mata ɗayan.

Da yamma mijina ya dawo, an riga an karanta masa laifina ta waya tun yana cikin mota. Na ba shi hoton da ya rage, na yi masa bayanin da likita ta yi mini. Ya ɗaga shi a fitila, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi bai ga komai ba sai ƙashi. Abin da ya gani sarai shi ne na yi wa wadda ta raine shi rashin kunya a gaban mutane. Ya ce in yi haƙuri in ba ta girmanta. Na tambaye shi ko girmanta ne zai shaƙa wa 'yarsa iska, ya tashi ya fita masallaci.

Na zauna a gida ina jinya. Yadda likita ta faɗa haka aka yi: ƙarar numfashin ta tafi, zazzaɓin ya sauka, ta fara shan kunu tana wasa da 'yar tsanarta. Tarin ne kawai ya rage, shi ma yana laushi. Ana haka shugaban sashenmu ya kira, ya ce in ban zo ofis gobe ba, kada in yi mamaki in na tarar da wani a kujerata. Maƙwabciyata 'yar kasuwa ce, ba ta yini a gida. Ba ni da kowa a garin nan sai dangin miji. Na sa mijina ya je da kansa ya gaya wa Gwaggo abin da likita ta ce, kada a taɓa mata baki, kada a bar ta ta yi kuka. Ya dawo ya ce ya gaya mata, ta ce ta ji. Da safe na miƙa mata yarinyar a zaure, ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Ranar cunkoso ya riƙe mu a Madalla, sai dab da magariba na iso. Tun daga zaure na ji gidan shiru, ba irin shirun da na saba ba. Yarinyar tana goye a bayan Gwaggo, kanta ya langaɓe, yawu yana dalala. Da na zagaya na ga busasshen jini a gefen bakinta da wuyan rigarta. Ta gan ni ta buɗe baki za ta yi kuka, muryar ba ta fito ba, sai ƙarar usur ɗin nan da na zaci mun rabu da ita.

Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙyalle, ta buɗe mini. Ɗan nama ne a ciki, bai kai ƙwayar wake ba.

"Ga abin da yake neman kashe mini takwara," ta ce. "Na nuna wa wanzami hoton naki, shi ma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba."

"Wannan ne ya fi yatsanki tsawo?"

"Ai in an cire shi tsukewa yake yi."

Ban san lokacin da na kwance goyon daga bayanta ba. Na tuna dai na ce mata Allah ya isa tsakanina da ita, na maimaita da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, kuma har yau ban janye ba. Ta bi ni har zaure tana cewa za ta ga wanda zai yi mini rainonta gobe.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta karɓe mu a asibiti. Ta haska bakin yarinyar da tocila, ta yi tsaki, ta kira likita. Jinin ya tsaya, Allah ya taimaka, amma kukan da ta sha a hannun wanzami ya tayar da kumburin. Aka sake ɗora mata abin shaƙa, aka ba ta maganin hana wurin ruɓewa, aka kwantar da mu. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce da jinin ya gangara cikin wannan matsattsiyar hanyar, da wani zancen ake yi. Yarinyar ta ɗauki kwanaki ba ta iya haɗiyar komai sai ruwa a cokali, tana ganin cokalin ma tana kawar da kai.

Tarin kuwa ya tafi a lokacin da likita ta ce zai tafi. Nan Gwaggo ta samu abin da take so. Duk gidan suna da gidan biki da ta shiga a garin nan sai ta ba da labari: asibiti sun yi allura sun yi hayaƙi sun kasa, wanzami ya cire belu, tari ya tsaya. Mijina ma da na tsare shi, cewa ya yi, "To ai ga shi ta warke, mene ne na tone-tone?" Na daɗe ban yi masa magana ba sai ta dole. Na aika Zariya aka turo mini ƙanwata ta zauna da mu, kuma daga ranar 'yata ba ta sake yini a gidan Gwaggo ba. Ina zuwa gaisuwar Sallah saboda idon mutane, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

A bangon nan hoton yake. Ta kafe shi da ƙusa a saman kabad ɗin kwanukanta, a juye, tsinin yana kallon ƙasa. Na nemi a ba ni kayana, ta ce hoton takwararta ne. Duk matar da ta shigo da yaro mai tari sai ta sauko da shi ta ɗaga mata a rana, ta ce ga abin da asibiti da kansu suka ɗauka. Na san mata a unguwar da suka aika Chaza bayan sun gan shi. Ni na riƙe yarinyar aka ɗauki hoton, ni na kai shi gidan da ƙafata, kuma wannan aikin yake yi har yanzu.

Yanzu yarinyar tana firamare. Kwanakin baya ubanta ya kai ta gaida Gwaggo, ta dawo tana tsalle, ta ce, "Mama, Gwaggo ta nuna mini belun da ya so ya kashe ni. Ƙato ne, baƙi! Ta ce ke kin hana a cire, ita ce ta cece ni."

Na ajiye tukunyar da nake wankewa. Na shiga ɗaki na ɗauko hoton gefen daga ƙasan akwati, na kai ta bakin taga, na riƙe shi daidai. Na nuna mata haƙoranta na lokacin, na nuna mata ƙashin wuyanta, na nuna mata baƙar hanyar iska. Sannan na ɗora yatsa kan 'yar inuwar nan mai launin toka a bayan harshe, na ce wannan shi ne belunta, kuma lafiyarsa ƙalau ranar da aka ɗauki hoton.

Ta daɗe tana kallo. Ta je gaban madubi ta wangale baki, ta karkata nan ta karkata can, ta dawo ta sake duba hoton.

"Mama, to yanzu ina yake?"

Na ce ta je ta tambayi takwararta.